Asara da Ɓarnar Sauyin Yanayi: Ina Manufar Ƙasa Ta Dosa, Ina Kuma Matsayin Ƙungiyoyinmu?

Jawabin da aka gabatar a babban taron ƙungiya na shekara-shekara



Muna godiya ga kwamitin shirye-shirye da ya ɗora mana nauyin yin magana a kan wani al'amari wanda da jin sunansa mutum zai ɗauka zancen manyan taruka ne na ƙasashen waje, wato manufar ƙasa game da asara da ɓarnar da sauyin yanayi ke haddasawa. Alhali kuwa babu waɗanda maganar ta fi shafa kamar mu da ke zaune a wannan zaure. Duk shekara idan watan Agusta ya raba, wayoyinmu ne ke ƙara daga gida: ruwa ya ci shinkafa, katanga ta zube, rumbu ya jiƙe, hanya ta yanke. Mu ke aika kuɗin kwano da na siminti, mu ke karɓar ƙanne da 'ya'yan 'yan'uwa a gidajenmu na birni idan gona ta gaza. Tun kafin duniya ta raɗa wa abin suna, ɗan gari da ke aiki ko kasuwanci a birni shi ne inshorar ƙauyensu, ba tare da an rubuta ko an sa hannu ba. Saboda haka muna da haƙƙin mu tambayi abin da gwamnati ta tanada, da kuma inda za mu sa hannu.

Masana sun kasa maganar sauyin yanayi gida uku. Na farko shi ne rage hayaƙin da ke ɗumama duniya, wanda nauyinsa ya fi rataya a wuyan ƙasashe masu manyan masana'antu, domin duk nahiyar Afirka ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na wannan hayaƙi. Na biyu shi ne shiri da kariya, kamar yin jinga a bakin kogi, da komawa ga iri mai saurin nuna, da dasa itatuwa. Na uku kuwa, wanda shi ne batunmu na yau, shi ne abin da ya salwanta bayan an yi shirin ya gaza, ko kuma ba a samu halin yin shirin ba. Wata asarar ana iya ƙiyasta ta da kuɗi, kamar gida da gona da dabbobi da gada. Wata kuwa babu kasuwar da ake sayar da ita: maƙabartar da ruwa ya tone, littattafan da malami ya gada kaka da kakanni, irin dawa da wani gida ya adana shekara da shekaru, unguwar da ta watse ba ta sake haɗuwa ba. Haka kuma akwai asarar da ke zuwa farat ɗaya cikin dare, akwai mai zuwa a hankali, irin rairayin da ke binne gonaki da dausayi a Yusufari da Yunusari ta jihar Yobe. Ita wannan ta biyun ba a kai mata ziyarar jaje, ba ta kuma fitowa a talabijin, amma tana raba mutane da garuruwansu kamar yadda ambaliya ke yi.

Ba jiya aka fara wannan jayayya ba. Tun a 1991 ƙananan ƙasashen tsibirai, da bakin ƙasar Vanuatu, suka nemi a kafa wani tsarin inshora saboda hauhawar ruwan teku, aka yi watsi da buƙatar. Sai a 2013, a taron Warso na ƙasar Folan, aka amince a kafa wani tsari na nazari da musayar ilmi a kan batun, amma babu kuɗi a cikinsa. A 2015 yarjejeniyar Faris ta ba asara da ɓarna sashe na kansu, sashe na 8, sai dai manyan ƙasashe sun tabbatar an rubuta a ƙudurin da ya raka yarjejeniyar cewa wannan sashe ba ya nufin ɗaukar alhaki ko biyan diyya. A 2022, a Sharmul Shaikh ta ƙasar Masar, aka amince a kafa asusu. A 2023 kuma, a ranar farko ta taron Dubai, aka buɗe shi, inda ƙasashe suka yi alkawarin kimanin dala miliyan 700. Bankin Duniya ke riƙon asusun na wucin gadi, ƙasar Filifin ke karɓar baƙuncin hukumar gudanarwarsa, kuma a 2024 aka naɗa wani ɗan Senegal, Ibrahima Cheikh Diong, ya zama babban daraktansa na farko.

To, jama'a, mu ɗora wannan kuɗi a ma'auni. Ambaliyar 2022 a Nijeriya kaɗai ta hallaka sama da mutum 600, ta raba kusan miliyan 1.4 da muhallinsu, kuma ƙiyasin Bankin Duniya ya nuna ɓarnar ta kai kimanin dala biliyan 6.7. Ke nan abin da duniya gaba ɗaya ta yi alkawari a Dubai da ƙyar ya wuce kashi 10 cikin 100 na asarar ƙasa ɗaya a damina ɗaya. Zuwa ƙarshen 2025 alkawuran ba su kai dala biliyan 1 ba, kuma a watan Maris na 2025 Amurka ta janye daga hukumar asusun. Hukumar ta ware dala miliyan 250 don zangon farko, ta ce kowace buƙata za ta samu tsakanin miliyan 5 zuwa 20, sannan aƙalla rabin kuɗin na ƙananan tsibirai ne da ƙasashen da Majalisar Ɗinkin Duniya ta jera a sahun mafiya ƙarancin ci-gaba. Maƙwabtanmu Nijar da Chadi suna cikin wannan sahu, Nijeriya ba ta ciki. Gaskiya ne a ranar 23 ga Yuli, 2025, Kotun Duniya da ke birnin Heg ta ba da fatawar cewa kare yanayi wajibi ne a kan ƙasashe bisa doka, kuma wadda ta saɓa tana iya fuskantar neman diyya. Wannan babban makami ne a hannun masu tattaunawa, amma fatawa ce ta shawara, ba hukuncin da za a kai banki a karɓi kuɗi da shi ba. Duk wanda ya zo garinmu yana raba fom da sunan wai za a biya diyyar sauyin yanayi daga waje, mu tambaye shi takardarsa kafin kowa ya ba shi ko sisi.

Tunda haka ne, maganar ta dawo gida. Nijeriya ba ta rasa dokoki da hukumomi ba. A watan Nuwamba na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Dokar Sauyin Yanayi, wadda ta kafa Majalisar Ƙasa kan Sauyin Yanayi a ƙarƙashin jagorancin shugaban ƙasa, ta tanadi asusu na musamman, ta kuma ba wakilan mata da matasa da naƙasassu da ƙungiyoyin muhalli kujeru a majalisar. Tun 1999 muna da hukumar ba da agajin gaggawa, NEMA, da takwarorinta na jihohi. Muna da hukumar inshorar aikin gona, NAIC, wadda gwamnati ke tallafa wa manomi da wani kaso na kuɗin da zai biya, ko da yake da za mu zagaya ƙauyukanmu mu tambayi wanda ya taɓa cin moriyarta, ba mu tsammanin za mu cika tabarma ɗaya. Uwa-uba akwai Asusun Kula da Muhalli da aka kafa tun 1981, wanda ake cirar masa kaso daga asusun tarayya duk wata: kashi 1 cikin 100 ga gwamnatin tarayya, kashi 0.72 ga jihohi, kashi 0.60 ga ƙananan hukumomi. Ku lura da wannan na ƙarshe. Ma'anarsa ita ce, a rubuce, ƙaramar hukumarmu tana da rabonta na kuɗin zaizayar ƙasa da ambaliya kowane wata, shekara da shekaru.

Amma me talaka ke gani a ƙasa idan ruwa ya janye? Buhun shinkafa, tabarma, bargo, bokiti, wani lokaci bandir ɗin kwano a raba wa gida biyar. Ba mu raina wannan ba, domin mai jin yunwa ba ya jiran manufa. Sai dai agaji ne na mako biyu, kuma asarar ta shekara biyar ce. Manomin da ya ci bashin taki ruwa ya tafi da amfanin, yana nan da bashinsa. Matar da ke kiwon tumaki uku a bayan ɗaki, su ne bankinta, sunanta ba ya shiga jerin waɗanda aka yi wa ƙidaya, saboda mai gida kaɗai ake rubutawa. A ganinmu, duk wata manufar ƙasa da ta amsa sunanta dole ta fayyace wa ke ƙidaya asarar, da wane ma'auni, cikin kwana nawa, daga wane asusu za a biya, kuma ina wanda aka tsallake zai kai kukansa. Muddin waɗannan tambayoyi suna hannun sa'a da sanayya, to ko da an turo kuɗi daga waje, ta tsohuwar hanya za su bi. Bayan ambaliyar 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ba kowace jiha naira biliyan 3. Mutum nawa ne a cikinmu suka nemi ganin yadda jiharsu ta kashe nata?

Akwai wani haɗari da ya kamata mu yi hattara da shi, wato a mayar da sauyin yanayi mafakar sakaci. Babu shakka ruwan sama ya sauya. Wani ayarin masana na duniya da ya yi nazarin daminar 2022 ya gano cewa ɗumamar yanayi ta ninka yiwuwar samun irin wannan ruwa a yankin Tafkin Chadi har kusan sau 80. Amma su kansu masanan sun nuna cewa gine-gine a hanyar ruwa da yadda ake sarrafa madatsu sun ƙara wa ɓarnar muni. Madatsar Alau da ta ɓalle a watan Satumba na 2024 ta shanye babban ɓangare na Maiduguri, ta taɓa yi wa birnin ambaliya a 1994. Shekara 30 ke nan tsakani, lokacin da ya isa a yi gyara. Dattawan da ke nan ba su manta da ɓallewar madatsar Bagauda a 1988 ba. Madatsar Lagdo ta Kamaru an kammala ta tun 1982, amma ta Dasin Hausa a jihar Adamawa, wadda aka tsara don ta tare ruwan idan an sako shi, ba a gina ta ba. A kwarin kogin Haɗejiya kuwa, tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kogin da a da yake ƙafewa da rani ya koma gudana kusan duk shekara, ciyawar kachalla ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama masaukin tsuntsun jan-baki mai cinye hatsi. Ruwa idan ya rasa hanyarsa, gonar wani zai bi. Ran da duk aka ce mana sauyin yanayi ne ya jawo, sai mu amsa da cewa mun ji, amma a nuna mana kason da ke wuyan hayaƙin ƙasashen waje da kason da ke wuyan wanda aka ba kuɗin yashe kogi. Kuma kada mu cire kanmu: wasu daga cikin gidajen da suka toshe magudanan ruwa a garuruwanmu, 'yan birni ne suka aiko da kuɗin gina su.

Yanzu sai mu zo ga namu aikin. Idan ana maganar ƙungiyoyin farar hula, hankalin mutane kan tafi ga masu ofis a Abuja da ke rubuta rahoto da Turanci. Suna da amfaninsu, kuma da yawa daga cikinsu sun yi ƙoƙari wajen ganin an kafa asusun nan na duniya. Amma ƙungiyar ci-gaban gari ita ce tsohuwar ƙungiyar farar hula a ƙasar nan. Mu muka gina ajujuwa da ɗakunan shan magani da aikin gayya tun kafin a san kalmar. Muna kuma da abu biyu da ba kowa ke haɗa su ba: ƙafa ɗaya a gona, ƙafa ɗaya a ma'aikatun gwamnati. A cikin zauren nan akwai injiniya, akwai lauya, akwai akanta, akwai ɗan jarida, akwai malamin gona mai ritaya, kuma kowannensu ya san sunan kowace fadama a garin nan.

Aikin da muke ganin ya fi kowanne muhimmanci shi ne rubutu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma idan bai rubuta ba, wani zai zo daga nesa ya rubuta masa. Duk wata buƙata da za a kai gaban jiha ko tarayya ko asusun duniya, hujja ake nema, kuma hujjar ba ta samuwa bayan ruwa ya tafi da komai. Abin da ake buƙata shi ne rajista tun da rani: kowace unguwa gida nawa, na ƙasa nawa, na bulo nawa, gonakin fadama na wa da wa, girmansu, abin da ake shukawa, dabbobi nawa, rijiyoyi da makarantu da masallatai da maƙabartu a ina suke. A ɗauki hoto da waya, a sa kwanan wata. A sa alama a jikin gada ko wani gini mai ƙarfi don a riƙa auna inda ruwa ya kai kowace shekara. Idan ɓarna ta auku, cikin mako guda a sake zagayawa da wannan rajista a hannu, mai unguwa da liman su sa hannu, a karanta jerin sunayen a bainar jama'a kafin a miƙa shi ga kowa. Wannan karatu a fili shi ne maganin sunayen bogi. Kuma lallai a sa mata a cikin masu ƙidayar, domin akwai ɗakunan da namiji ba zai shiga ba, akwai kuma asarar da mace ba za ta faɗa wa namiji ba. A buɗe shafi na musamman ga abin da ba shi da farashi, a zauna da tsofaffi su faɗi yadda kogi yake a da, da irin kifin da ya ɓace, da gonakin da suka zama ruwa ko rairayi. Ɗalibanmu da ke manyan makarantu za su iya wannan aiki a hutu guda, da kuɗin mota da na abinci kawai.

Sai kuma bin sawun kuɗi. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukuma ya nemi bayani, ta kuma ba hukumar kwana 7 ta amsa. A 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa dokar ta hau kan jihohi ma, kamar yadda a watan Yuli na 2024 ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Rabon da ake yi wa kowace jiha da ƙaramar hukuma duk wata ana buga shi, kowa na iya gani a intanet. Babu abin da zai hana sakataren ƙungiya ya rubuta wasiƙa cikin ladabi, da hatimin ƙungiya, ya nemi sanin nawa aka samu daga Asusun Kula da Muhalli a shekarar da ta wuce, da aikin da aka yi da shi. Haka nan shirin ACReSAL na jihohin Arewa 19 da Abuja, wanda Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 dominsa a 2021. Rance ne, 'ya'yanmu za su biya, don haka tambayar inda aka yi aikin ba rashin kunya ba ne. Mun san abin da ke hana mu: shugaban ƙaramar hukuma ɗan'uwa ne, kansila suruki ne, ana haɗuwa a ɗaurin aure. Shi ya sa ya kamata wasiƙar ta fito da sunan ƙungiya, a kuma mayar da ita al'ada ta kowace shekara, ko wace jam'iyya ke mulki, don kada wani ya ɗauka da shi ake.

Hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa a farkon shekara, har da fassarar Hausa, da hasashen ambaliya na hukumar NiHSA mai jera ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari, sau da yawa a Abuja suke tsayawa. Kai su gida, a karanta a masallacin Juma'a da ranar kasuwa, aiki ne da ba ya cin ko naira dubu goma.

Game da neman kujera a inda ake yanke shawara, akwai darasi a ƙasar Kenya. A can, wasu gundumomi na yankin fari kamar Isiolo da Wajir da Makueni sun kafa asusun yanayi na kansu, suna ware masa ɗan kaso daga kasafin ayyukan raya ƙasa, kuma kashi 70 cikin 100 na kuɗin kwamitocin mazaɓu ne ke zaɓen aikin da za a yi da shi. Nasu ya fi karkata ga shiri da kariya, amma tsarin zai yi aiki a wajen biyan asara. A nan gida ma, a 2006 jihohin Bauchi da Borno da Jigawa da Kano da Filato da Yobe sun haɗu da gwamnatin tarayya sun kafa asusun amana na kwarin Haɗejiya da Jama'are da Komadugu Yobe, abin da ya nuna cewa haɗa kai a kan kogi ɗaya ba baƙon abu ba ne. Ƙungiyar gari ɗaya ba za ta girgiza majalisar jiha ba. Amma idan ƙungiyoyin garuruwa ashirin da ke shan ruwan kogi ɗaya suka kai takarda ɗaya, da alƙaluma iri ɗaya, ranar sauraron ra'ayin jama'a a kan kasafin kuɗi, dole a ba su wurin zama. Abin da za mu kiyaye kawai shi ne kada ƙungiya ta zama 'yar kwangila. Ranar da muka karɓi aikin yin jinga da sunan ƙungiya, ranar bakinmu ya mutu a kan ingancin jingar.

Ya shugaban taro, muna roƙon kada a tashi daga wannan zama sai an naɗa kwamiti na mutum bakwai, aƙalla biyu mata, uku kuma mazauna gida, wanda zai kammala rajistar unguwanni kafin ƙarshen watan Mayu. Muna roƙon a umarci sakatare ya aika da wasiƙar neman bayani ga ƙaramar hukuma da ma'aikatar muhalli ta jiha cikin wata guda, a kuma buga amsar, ko rashin amsar, a mujallar baɗi. Muna kuma ba da shawarar kowane reshe ya ware wani kaso daga kuɗin wata-wata a ajiye a asusu dabam mai masu sa hannu uku, wanda ba za a taɓa ba sai don irin shuka da gyaran ɗaki bayan ambaliya, maimakon karo-karon gaggawa da muka saba yi a waya. Reshen Abuja kuma, tunda su ke kusa da ma'aikatu, su ɗauki nauyin samo hasashen NiMet da na NiHSA da zarar sun fito, su turo wa mai girma Hakimi a makon.